Gidauniyoyin agaji da horar da jami'an kiyaye haɗurran jiragen ruwa

Fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan da ƙasashen duniya ke sayar wa juna ta teku ake jigilarsu, kamar yadda alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya suka nuna.

Hatta garuruwan da ke nesa da gaɓa, irin su Kano da Maraɗi, sun dogara ne ga tashoshin jiragen ruwa na Legas da Kwatano da Lome wajen samun alkama da taki da magunguna da kayan gyaran motoci.

A birnin Landan ake tsara dokokin da suka shafi lafiyar waɗannan jirage da ta mutanen da ke cikinsu. To amma aiwatar da su nauyi ne da ya rataya a wuyan kowace ƙasa, kuma hakan na buƙatar jami'ai masu zurfin ilimi.

Kaso mai yawa na irin waɗannan jami'ai daga ƙasashe masu tasowa sun sami horonsu na gaba da digirin farko ne da kuɗin gidauniyoyin agaji da na wasu gwamnatoci masu ba da taimako.

Dokokin da haɗurra suka haifar

Kusan duk wata babbar doka ta teku ta biyo bayan wani bala'i ne.

Nutsewar jirgin Titanic a shekarar 1912, inda mutane fiye da 1,500 suka halaka, ita ce ta sa aka ƙulla yarjejeniyar kiyaye rayuka a teku, wadda ake kira SOLAS, a 1914. Wadda ake aiki da ita a yau an amince da ita ne a 1974, kuma ana yi mata gyare-gyare a kai a kai.

Malalar ɗanyen mai daga jirgin dakon mai na Torrey Canyon a gaɓar Birtaniya a 1967 ta share fagen yarjejeniyar hana gurɓata teku, wato MARPOL, ta 1973 da aka yi wa ƙari a 1978.

A 1978 ɗin ne kuma aka cim ma yarjejeniyar STCW, wadda ta shata mizanin horar da ma'aikatan jirgi da ba su takardun shaida. An sabunta ta a 1995, sannan a birnin Manila a 2010.

A watan Maris na 1987, jirgin fito mai suna Herald of Free Enterprise ya kife jim kaɗan bayan ya bar tashar Zeebrugge ta ƙasar Beljiyam ba tare da an rufe ƙofarsa ta gaba ba. Mutane 193 ne suka mutu. Binciken da aka gudanar ya ɗora laifi a kan sakacin kamfanin tun daga sama har ƙasa, abin da ya kai ga samar da ƙa'idar tafiyar da jirage cikin aminci a 1993.

Hukumar da ke kula da waɗannan yarjejeniyoyi ita ce Hukumar Sufurin Jiragen Ruwa ta Duniya, wato IMO, wadda reshe ce ta Majalisar Ɗinkin Duniya. An amince da kafa ta a Geneva a 1948, ta yi zamanta na farko a 1959, kuma tana da mambobi fiye da 170.

Wa ke aiwatar da dokokin?

Hukumar IMO ba ta da 'yan sanda ko jiragen sintiri. Ba ta da ikon tsare jirgi ko gurfanar da mai shi a gaban kotu.

Alhakin farko yana kan ƙasar da jirgi ya yi rajista a cikinta kuma yake ɗauke da tutarta. Ita ce za ta duba ƙirarsa da injinansa da kayan ceton da ke cikinsa, ta kuma tabbatar da cancantar ma'aikatansa. Ƙasashe uku da suka fi yawan rajistar jirage su ne Laberiya da Panama da Tsibiran Marshall.

Alhaki na biyu yana kan ƙasar da jirgin ya yada zango a tasharta. Sufetocinta na da ikon hawa jirgin baƙi su bincike shi, su kuma hana shi tashi har sai an gyara abin da suka gano. Ƙasashen Turai sun haɗa kai kan wannan aiki a yarjejeniyar Paris ta 1982, su kuwa ƙasashen yammaci da tsakiyar Afirka sun sa hannu a kan tasu a Abuja a 1999.

Dukkan waɗannan ayyuka na buƙatar ƙwararru: lauyan da zai mayar da yarjejeniya ta zama dokar ƙasa, da injiniyan da zai gane tsatsar da ta ci jikin jirgi, da mai binciken da zai gano musabbabin haɗari, da malamin da zai koyar da matuƙa.

Tun a shekarun 1970 hukumar IMO ta lura cewa sababbin mambobinta daga Afirka da Asiya da Latin Amurka na sa hannu a kan yarjejeniyoyi, amma suna fama da ƙarancin irin waɗannan mutane.

Jami'ar Malmo

Wannan giɓi ne ya sa aka kafa Jami'ar Harkokin Teku ta Duniya, wato WMU, a birnin Malmo da ke kudancin ƙasar Suwidin. An buɗe ta ranar 4 ga watan Yulin 1983.

Wanda ya jagoranci yunƙurin shi ne babban sakataren IMO na lokacin, C.P. Srivastava ɗan ƙasar Indiya, wanda ya riƙe muƙamin daga 1974 zuwa 1989. Gwamnatin Suwidin da hukumar birnin Malmo da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ne suka tallafa wajen aza harsashinta.

Jami'ar ba ta bayar da digirin farko. Akasarin ɗalibanta ma'aikata ne da suka riga suka yi shekaru suna aiki a ma'aikatun sufuri, ko hukumomin tashoshi, ko rundunonin tsaron gaɓa, ko makarantun horar da matuƙa.

Karatun digiri na biyu a Malmo kan ɗauki watanni 14, kuma da Turanci ake koyarwa. Fannonin sun haɗa da kiyaye haɗurra da kare muhalli, da dokokin teku, da gudanar da tashoshi, da harkar sufuri, da sarrafa makamashi, da horar da malamai, da kuma kula da albarkatun teku.

Akwai kuma shirin digiri na uku, da karatu daga nesa, da wasu shirye-shiryen digiri na biyu da aka fara a biranen Shanghai da Dalian na ƙasar Sin a 2005.

Ya zuwa yanzu jami'ar ta yaye ɗalibai fiye da 6,000 daga ƙasashe kimanin 170. Daga cikinsu akwai Kitack Lim na Koriya ta Kudu, wanda ya kammala a 1991, ya kuma zama babban sakataren IMO daga 2016 zuwa 2023.

Mace ta farko da ta shugabanci jami'ar ita ce Cleopatra Doumbia-Henry 'yar ƙasar Dominica, daga 2015 zuwa 2023. Wanda ya gaje ta, Maximo Mejia na ƙasar Filifin, shi ne tsohon ɗalibin jami'ar na farko da ya hau wannan kujera.

Cibiyar Malta

A 1988 hukumar IMO ta kafa cibiya ta biyu a tsibirin Malta, mai suna IMLI, domin koyar da dokokin teku na ƙasa da ƙasa.

Babban abin da ake koya a can shi ne rubuta doka. Kowane ɗalibin digiri na biyu kan shirya daftarin dokar da za ta shigar da wata yarjejeniya ta duniya cikin dokokin ƙasarsa.

Cibiyar ta ware rabin guraben karatunta ga mata. Matakin na da muhimmanci a sana'ar da wani rahoto na 2021 ya ƙiyasta cewa tana da ma'aikatan jirgi kusan miliyan 1 da dubu 900, amma mata ba su kai kashi 2 cikin 100 na adadin ba.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

Duk da cewa hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta kafa su, makarantun biyu sun dogara ne ga gudummawar sa-kai da kuɗin makaranta.

A Malmo, gwamnatin Suwidin na bayar da tallafi duk shekara, ita kuwa hukumar birnin ta samar da gine-gine, ciki har da tsohon ofishin shugaban tashar jiragen ruwa da jami'ar ta koma a 2015.

Wasu ɗaliban gwamnatocinsu ko ma'aikatunsu ne ke biya musu. Saura kuwa sai an samo musu mai ɗaukar nauyi.

Cikakken tallafi kan ƙunshi kuɗin makaranta da masauki da alawus na wata-wata da tikitin komawa gida. A bisa ƙa'ida, ma'aikatar da mutum ke yi wa aiki ce za ta gabatar da sunansa, domin manufar ita ce ya koma bakin aikinsa bayan ya kammala.

Gwamnatoci irin su Jamus da Koriya ta Kudu da Ostireliya sun ɗauki nauyin ɗalibai a lokuta daban-daban. Sai dai gidauniyoyi masu zaman kansu ne ke ɗauke da babban kaso.

Gidauniyar Nippon

Wadda ta fi kowa yawan guraben tallafi a Malmo ita ce Gidauniyar Nippon ta ƙasar Japan. Shirinta mai ɗauke da sunan Sasakawa ya fara ne a 1987, yana ɗaukar ɗalibai kimanin 30 a shekara, kuma mutane fiye da 700 sun amfana da shi.

Ɗaliban shirin kan kai ziyarar gani da ido Japan a lokacin karatunsu, sannan akwai ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da ke ci gaba da sada su bayan sun koma ƙasashensu.

Ryoichi Sasakawa ne ya kafa gidauniyar a 1962, da nufin farfaɗo da masana'antar ƙera jiragen ruwa ta Japan. Ɗansa Yohei Sasakawa ya zama shugabanta a 2005.

Kuɗinta na fitowa ne daga cacar tseren ƙananan jiragen ruwa masu inji, wadda dokar Japan ta halatta tun 1951. Kimanin kashi 3 cikin 100 na cinikin cacar ne ake tura wa gidauniyar.

Tarihin wanda ya kafa ta ma na da sarƙaƙiya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka sun tsare shi a gidan yarin Sugamo bisa zargin laifukan yaƙi, aka sake shi a 1948 ba tare da an yi masa shari'a ba. Har ya mutu a 1995, masu sukarsa na cewa yana amfani da ayyukan agaji ne domin wanke sunansa, yayin da magoya bayansa ke nuni da abin da ya kashe a yaƙi da kuturta da yunwa.

Sunan Sasakawa dai ba baƙo ba ne ga manoman arewacin Najeriya. Shirin bunƙasa noma na Sasakawa, wanda aka kafa a 1986 tare da masanin aikin gona Norman Borlaug da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, ya shiga Najeriya a 1992, kuma daga gidauniya ɗaya kuɗin ayyukan biyu ke fitowa.

Ban da guraben karatu, gidauniyar ta ɗauki nauyin cibiyar nazarin teku da aka buɗe a jami'ar Malmo a 2018. Ta kuma shafe shekaru da dama tana taimakawa wajen kafa fitilu da alamun nuna hanya a mashigin Malacca, inda akasarin man da Japan ke saye daga Gabas ta Tsakiya ke bi.

Tun 2004 take ɗaukar nauyin horar da masu zana taswirar ƙasan teku a Jami'ar New Hampshire ta Amurka. A 2017 ta haɗa hannu wajen ƙaddamar da shirin zana taswirar ƙasan tekunan duniya baki ɗaya kafin 2030. A lokacin, kashi 6 cikin 100 kacal aka auna da na'urorin zamani, amma zuwa 2024 adadin ya haura kashi ɗaya bisa huɗu.

Asusun ƙungiyar ƙwadago

Wata mai ba da tallafin ita ce Tarayyar Ƙungiyoyin Ma'aikatan Sufuri ta Duniya, wato ITF, ta hannun asusun agajin ma'aikatan jirgi da ta kafa a 1981.

Tushen kuɗin shi ne asusun jin daɗin ma'aikata da masu jirage ke zubawa a ƙarƙashin yarjejeniyoyinsu da tarayyar, da kuma ribar jarin da asusun ya zuba.

Galibin ayyukansa sun shafi cibiyoyin hutawa na ma'aikatan jirgi a tashoshi da kula da lafiyarsu. To amma ya daɗe yana ɗaukar nauyin ɗalibai a Malmo, bisa la'akari da cewa jami'in gwamnatin da ya san haƙƙin ma'aikaci shi ne zai iya kare shi idan mai jirgi ya hana shi albashi ko ya yi watsi da shi a wata tasha.

Gidauniyar Lloyd's Register

A Birtaniya kuwa akwai wani tsari na daban. Kamfanin Lloyd's Register ya samo asali ne a 1760, daga 'yan kasuwar da ke haɗuwa a shagon shan gahawa na Edward Lloyd a Landan. Aikinsa shi ne duba ingancin jirage da ba su daraja, domin masu inshora su san abin da suke lamuncewa.

A 2012 aka sake fasalinsa, inda wata gidauniyar agaji mai ɗauke da sunansa ta zama ita kaɗai ce mai hannun jari a kamfanin. Tsarin ya yi kama da waƙafi: kamfani na kasuwanci, abin da ya samu kuma na tafiya ga amfanin jama'a.

Gidauniyar na kashe kuɗinta kan bincike a jami'o'i da horar da injiniyoyi, ta kuma ɗauki nauyin ɗalibai a cibiyar Malta.

Akwai wasu ƙananan masu tallafi da ke da alaƙa da kamfanonin sufuri, kamar Gidauniyar TK, wadda aka sa wa sunan Torben Karlshoej, mutumin da ya kafa kamfanin jiragen dakon mai na Teekay.

Dogaro ga agaji a harkar teku tsohon abu ne. Ƙungiyar jiragen ceto ta Birtaniya da Ireland, wato RNLI, wadda aka kafa a 1824, da gudummawar jama'a take gudana, kuma ta ceci rayuka fiye da 140,000.

Shin kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Alƙaluma na nuna cewa manyan jiragen kasuwanci sun fi aminci a yanzu. Rahoton kamfanin inshora na Allianz na 2024 ya ce manyan jirage 26 ne suka salwanta a 2023, alhali a shekarun 1990 akan yi asarar fiye da 200 a shekara.

Dalilan hakan na da yawa, ciki har da ingancin ƙira, da na'urorin nuna hanya ta tauraron ɗan'adam, da tsaurara bincike a tashoshi, da matsin lambar kamfanonin inshora. Horar da jami'ai ɗaya ne daga cikinsu.

Inda tasirin makarantun ya fi fitowa fili shi ne a zaurukan IMO, inda tsofaffin ɗalibansu ke wakiltar ƙasashe da dama, da kuma shugabancin hukumomin sufurin ruwa na ƙasashe masu tasowa.

Buƙatar irin waɗannan mutane ta ƙaru tun daga watan Janairun 2016, lokacin da binciken da IMO ke yi wa mambobinta kan yadda suke aiwatar da yarjejeniyoyi ya zama wajibi.

Inda gizo ke saƙa

Matsala ta farko ita ce ta ɗorewa. Tallafin sa-kai ba shi da tabbas, domin gidauniya na iya sauya alƙibla, gwamnati kuma na iya rage kasafin taimakonta. Idan babban mai tallafi guda ya janye, guraben ɗalibai masu yawa za su tafi da shi.

Ta biyu ita ce ta zaɓi. Kowane mai tallafi na da ƙasashe da fannonin da ya fi so, kuma ba lallai ne su dace da inda buƙata ta fi tsanani ba.

Ta uku ta shafi abin da ke faruwa bayan kammala karatu. Jami'in da ya dawo da digiri na buƙatar doka mai ƙarfi da kayan aiki da goyon bayan shugabanni. Idan aka sauya masa wurin aiki, ko albashi ya sa ya koma kamfani mai zaman kansa, ma'aikatarsa ta yi asarar abin da aka kashe.

Babban giɓin dai shi ne na jiragen cikin gida. Yarjejeniyar SOLAS ta shafi jiragen da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe ne, alhali haɗurran da suka fi cin rayuka a 'yan shekarun nan galibi a jiragen fito na cikin gida suka auku.

A watan Disambar 1987, jirgin Dona Paz ya yi karo da wani jirgin dakon mai a Filifin, inda mutane fiye da 4,000 suka mutu.

Ranar 26 ga watan Satumbar 2002, jirgin Le Joola na gwamnatin Senegal ya kife a gaɓar Gambiya a kan hanyarsa daga Ziguinchor zuwa Dakar. An ƙera shi ne don ɗaukar ƙasa da mutane 600, amma alƙaluman hukuma sun ce mutane 1,863 ne suka halaka, adadin da ya zarce na Titanic.

Hatta jiragen da yarjejeniyar ta shafa ba su tsira ba idan aiwatarwa ta yi rauni. A watan Fabrairun 2006, jirgin Al-Salam Boccaccio 98 mai ɗauke da tutar Panama ya nutse a Bahar Maliya tsakanin Duba ta Saudiyya da Safaga ta Masar bayan tashin gobara, mutane fiye da 1,000 suka rasu.

Sai a 2022 hukumar IMO ta amince da samfurin ƙa'idojin kiyaye haɗurran jiragen fito na cikin gida. Ƙa'idojin ba wajibi ba ne, ya rage ga kowace ƙasa ta ɗauka ta mayar da su doka.

Halin da ake ciki a Afirka ta Yamma

Najeriya, wadda ta shiga IMO a 1962, na cikin ƙasashen da ke tura jami'ai Malmo, musamman daga hukumar NIMASA mai kula da sufurin teku, da hukumar tashoshin jiragen ruwa.

Yankin na da nasa makarantun, kamar Kwalejin Harkokin Teku da ke Oron a jihar Akwa Ibom, da Jami'ar Harkokin Teku ta Yanki da ke Accra, wadda ƙasashen Ghana da Kamaru da Gambiya da Laberiya da Saliyo suka mallaka tare, da kuma takwararta ta ƙasashe masu amfani da Faransanci a Abidjan.

A arewacin Najeriya kuwa, a koguna ake asarar rayuka. A watan Mayun 2021 wani jirgi maƙare da fasinjoji ya nutse a kogin Neja kusa da Warrah a jihar Kebbi, inda mutane da dama suka mutu. A watan Yunin 2023, fiye da mutane 100 da ke dawowa daga biki suka rasu a yankin Patigi na jihar Kwara.

Hukumar NIWA mai hedkwata a Lokoja ce ke kula da waɗannan hanyoyin ruwa. Dalilan da hukumomi kan bayar bayan irin waɗannan haɗurra su ne lodi fiye da kima, da tafiyar dare, da tsufan jirage, da rashin rigunan kariya.

Magance waɗannan na buƙatar sufetoci a bakin kogi da rajistar jirage da hukunta masu karya doka, kuma wannan nauyi ne na gwamnatocin ƙasashen da abin ya shafa.